Shekara biyu ban zauna daidai ba

Santsi ne ya kwashe ni a matakala ta uku daga ƙasa. Ina ɗauke da bahon wanki, hannuwana duka biyu a cike, babu abin da zan tare da shi. Na zauna daɓas a kan bakin matakalar da dukkan nauyina. Numfashina ya ɗauke na ɗan lokaci, sai da ya dawo sannan zafin ya iso, ya tsaya cak a wuri ɗaya, can ƙarshen ƙashin bayana, tsakanin mazaunai, wurin da faɗinsa bai wuce kan babban yatsa ba. A lokacin wata 7 ke nan da haihuwar ɗana na uku. Na lallaɓa na miƙe, na tsince kayan da suka zube, na ce a raina buguwa ce, kwana bakwai ta wuce.

Ba ta wuce ba.

Sana'ata ɗinki. Kafin faɗuwar nan nakan yi awa 6 ko 7 a kan keke ban ji komai ba sai gajiyar ido. Bayan ta, minti 10 idan na yi a zaune sai in ji kamar an dasa min ƙusa. Zaman ma da sauƙi a kan tashin. Idan zan miƙe sai na dafa gefen teburin keken da hannu biyu, na riƙe numfashi, na ɗago a hankali, kuma a daidai lokacin da jikina ya rabu da kujera sai wani abu ya soke ni kamar tsinin wuƙa, har in ga duhu-duhu. Da na tsaya sosai na taka sau biyu sau uku, sai ya lafa. Shi ya sa duk wanda ya gan ni ina tafiya ba zai taɓa cewa ina da ciwo ba.

Sai na koyi zama a gefe guda. In karkata hagu har ƙafar ta yi sanyi, in koma dama. Da tafiya ta yi tafiya, ƙuguna da gwiwata suka fara nasu ciwon saboda karkacewar. Ɗinkina ma ya fara karkacewa, domin mai zaman ɗosane ba ta iya riƙe layi. Kayan da nake gamawa a kwana biyu suka koma mako guda, masu kawo min aiki suka riƙa janyewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban ga laifinsu ba. Jaririna a kwance nake shayar da shi. Shiga mota ta zama abin fargaba, kowane rami a hanya a wurin nan nake jin sa. Shiga banɗaki ma haka. Akwai kuma abin da ke tsakanin mace da mijinta, wanda ba zan tsawaita a kansa ba, amma duk mai irin wannan ciwo ta san abin da nake nufi.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari shi ne abin da ya faru a zuwana asibiti na farko. Likita ya dube ni ya ce, "Malama, ina ne ke miki ciwo?" Na buɗe baki, sai kunya ta rufe ni ruf. Ta yaya zan nuna wa namiji wannan wuri? Na ce, "Baya ne, likita," na ɗora hannu a kan ƙuguna, tazarar tafin hannu biyu sama da inda ciwon yake. Ya danna nan, ban ji komai ba. Aka ɗauki hoton ƙashin ƙugu, ya fito lafiya lau. Aka rubuta min ibufurofen. Likita na biyu ma haka na yi masa, na uku ma haka, shi kuma ya canza min zuwa dikulofenak. Har ga Allah babu wanda ya yi min sakaci a cikinsu. Inda na nuna musu nan suka duba.

Ƙwayoyin nan na yi ta sha ba ƙaƙƙautawa har cikina ya fara zafi da tsakar dare, aka ce gyambon ciki ke neman kama ni, dole na rage. A gida kuwa kowa da nasa fassarar. Wannan ta ce basir ne, waccan ta ce sanyin haihuwa ne bai fita ba. Na sha abubuwa da dama, ciwon yana nan inda yake. Abin da ya fi ci min rai shi ne kallon da ake min a cikin mutane. A ce, "Zauna mana," in ce, "A'a, sauri nake." Na ji da kunnena an ce na fara girman kai, ba na zama da dangi. Maigidana mutum ne mai haƙuri, amma shi ma wata rana ya ce, "Ni fa na rasa gane ciwon nan naki. Hoto ya ce lafiya, ga ki kina kai-komo garau." Ban ba shi amsa ba. Na shiga ɗaki na kwanta rub da ciki, domin kwanciyar rigingine ma ta gagare ni, na yi kuka har na gode wa Allah.

Shekara biyu cur a haka.

Yayata ce ta warware ƙullin. Ta zo wurina, muna hira, na manta na zauna sosai a kujerar katako. Da zan tashi ta ga yadda na damƙe hannun kujerar, ta ga hawaye ya taru a idona. Ta tashi ta tura ƙofa ta ce, "Ke, bar ce min baya. Nuna min da yatsa." Na juya na nuna mata. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Shekara biyu kina ce mana baya? Wannan ai ba baya ba ne." Washegari ta sa ni gaba har asibiti, kuma da muka shiga ita ta yi maganar, ta faɗi wurin ɓaro-ɓaro ba tare da kwana-kwana ba.

Likitar ta sa na kwanta a gefe, ta bi ƙashin bayana da yatsa tana gangarawa. Da ta iso ƙarshe ta danna, ban san lokacin da na ƙwalla ƙara ba. Ta ce, "Sannu. Mun same shi."

Ta yi min bayani a tsanake. A ƙarshen ƙashin baya akwai wani ɗan ƙashi mai lanƙwasa da ake kira ƙashin wutsiya. Ƙananan ƙasusuwa ne 3 zuwa 5, galibi 4, a jere. Ƙanƙantarsa ba ta hana shi aiki ba: tsokokin da ke tallafe da mafitsara da mahaifa da dubura suna da mariƙa a jikinsa, kuma idan mutum ya zauna, musamman ya jingina baya, wani kaso na nauyinsa a kansa yake sauka. Faɗuwa ta zaune tana iya gurɗa shi, haihuwa ma tana iya yi, domin kan jariri yana tura shi baya wajen fitowa. Yawan zama a kan abu mai tauri, da ƙiba, da ramewa farat ɗaya, duk suna jawo shi. Mata sun fi maza kamuwa kusan ninki biyar. Ta ce sunan ciwon koksidiniya, kuma wani likitan Sikotland, James Young Simpson, shi ya raɗa masa sunan tun 1859.

Wannan shekarar ta tsaya min a rai. Ashe abin da nake ɓoyewa kamar abin kunya, abin da har na fara zargin kaina ko raki ne, yana da suna a littattafan likitoci fiye da shekara 160.

Ba ta yi gaggawar yanke hukunci ba. Ta tambaye ni ko ina zazzaɓi, ko ina ramewa ba dalili, ko ciwon na tashe ni daga barci ko da ban danne wurin ba, ko ina jin tsakanin cinyoyina ya mutu, ko fitsari da bayan gida na kufce min. Duk na ce a'a. Ta ce da ɗaya daga ciki ya kasance, da maganar ta canza, domin akwai cututtuka masu haɗari da kan fake a bayan irin wannan ciwo. Ta duba fatar wurin ko akwai maruru ko 'yar ƙofa mai fitar da ruwa. Sannan ta tura ni hoton da ban taɓa jin irinsa ba. Aka ɗauke ni a tsaye, daga gefe. Aka zaunar da ni a kan kujera mai tauri aka ce in jira sai ciwon ya taso sosai, sannan aka sake ɗauka. Wani likitan Faransa, Jean-Yves Maigne, shi ya fito da wannan dabara a shekarun 1990: a haɗa hotunan biyu a ga yadda ƙashin ke motsi idan nauyi ya hau shi. Idan ya lanƙwashe fiye da digiri 25, motsin ya yi yawa. Nawa ya wuce haka. Aka ƙara da hoton MRI don a tabbatar babu ƙari, alhamdu lillahi babu.

Ba da allura aka fara ba. An fara da matashin zama. Da ma na sayi mai zagaye da rami a tsakiya, ashe ba shi ya fi dacewa da ni ba. Wanda aka nuna min mai gangara ne, an yanke bayansa, ta yadda ƙashin zai rataya a sarari bai taɓa komai ba. Aka koya min zama ina ɗan sunkuyowa gaba, da gasa wurin da ɗumi, da kiyaye kaina daga taurin bayan gida. Na yi wata 3 ina zuwa wurin masu gashin ƙashi, ana sassauta min tsokokin da suka ɗaure saboda daɗewa suna kare wurin. Na samu sauƙi, minti 10 ya koma 25. Daga nan ya tsaya. Likitar ta ce kusan 9 cikin 10 na masu wannan ciwo da irin waɗannan matakan suke warkewa, ni ina cikin ragowar, za ta tura ni wurin likitan da ya ƙware a kan ciwo mai naci.

Da maigidana muka je. Likitan ya ɗauki takarda ya zana ƙashin baya, ya ja layi biyu a gefensa, hagu da dama, yana ɗiga musu ɗigo. Ya ce waɗannan jijiyoyi ne, ba na jini ba, masu kai saƙo, suna gangarowa daga wuya kamar igiya biyu masu ƙulle-ƙulle. Kowane ƙulli na hagu yana da ɗan'uwansa a dama. A can ƙasa sai igiyoyin biyu su haɗu a ƙulli ɗaya tilo, a gaban ƙashin wutsiya, a bayan dubura. Sunansa gangiliyon impa, kalmar ƙarshen kuwa da Latin tana nufin wanda ba shi da abokin haɗi. Ta nan wani ɓangare na saƙon zafin wannan yanki ke bi. Idan ciwo ya daɗe, jijiyoyin kan zama masu saurin firgita, abu kaɗan su kai ƙara. Ya ce akwai allurar da za a iya yi min, manufarta ita ce a kai magani daidai kan ƙullin nan a kwantar da shi. Ya ce wani likitan Meziko, Ricardo Plancarte, da abokan aikinsa ne suka fara bayyana wannan allura a 1990, don masu ciwon daji da ke fama da zafi a wannan yanki, daga baya aka ga tana taimakon irinmu. Da farko lanƙwasa allurar ake yi a zagayo ta ƙarƙashin ƙashin, yanzu an fi shiga kai tsaye ta 'yar gaɓar da ke saman ƙashin wutsiya.

Maigidana ya gyara zama ya yi tambayar da ke cin mu duka: "Likita, ba za ta shanye ba? Mun sha jin an ce allurar baya tana gurgunta mutum." Likitan bai yi dariya ba. Ya nuna a zanensa inda laka take ƙarewa, can sama, daidai farkon ƙugu, ya nuna inda allurar za ta shiga, nesa da ita ƙwarai. Sannan ya faɗi haɗarin da ke akwai na gaskiya: allura na iya zarcewa ta taɓa dubura, ƙwayar cuta na iya shiga, ana iya zubar jini, wani kan ji jiri. Ba kasafai suke faruwa ba, in ji shi, kuma dalilin da ya sa ba a yin ta da ka ke nan, sai ana kallon allurar a na'urar hoto. Ya tambaye ni ko ina da ciki, ko ciwon suga, domin maganin kan ɗaga suga na 'yan kwanaki, ko ina shan maganin tsinka jini, ko wani magani ya taɓa ɓata min jiki. Abin da ya sa na amince da shi kuwa shi ne bai yi min alkawari ba. Ya ce wasu na samun sauƙi na watanni, wasu na makonni, wasu ba sa samun komai.

Ranar allurar na kwanta rub da ciki, an sa min matashi a ƙarƙashin mara. Abin da na fi tsoro shi ne tsiraici, sai na ga an lulluɓe ni da ƙyalle gaba ɗaya, an bar 'yar kafa kawai. Na ji sanyin maganin da ake goge fata da shi. Wata nas ta riƙe hannuna tana cewa, "Sannu Anti, ki saki jikinki." A samana wata na'ura ce mai siffar baka, ana juya ta. Allurar farko ta kashe fata ce, ta yi min zafi kamar harbin rina, nan da nan ya wuce. Ta biyun ban ji tsininta ba, nauyi na ji, kamar ana danna wurin da yatsa daga ciki, da wani ɗan tsuku lokacin da ta ratsa gaɓar. Likitan ya ce, "Ja numfashi. Kada ki motsa." Ya fara zuba wani ruwa da ke fitowa a hoto, don ya tabbatar bakin allurar na inda ya kamata. Daga baya ya nuna min hoton: ruwan ya kwanta a gaban ƙashin, ya lanƙwasa kamar waƙafi a rubutu. Wannan waƙafin shi ne shaidar an sauka daidai. Sannan ya tura maganin, haɗin mai kashe zafi da sitiroyid mai rage kumburi. Na ji ɗumi da cika, kamar ina son zagayawa. Duka-duka bai fi minti 15 ba.

Bayan na huta rabin awa, nas ɗin ta jawo kujerar roba mai tauri ta ce, "Anti, zauna." Na fara karkata hagu yadda jikina ya saba. Ta ce, "A'a, daidai." Na sauka a hankali, mazaunaina duka biyu a kan kujera, na jingina. Na jira ƙusar nan. Shiru. Na miƙe ba tare da na dafa komai ba, na sake zama, na sake miƙewa. Sai kawai na rufe fuska da mayafi na fashe da kuka, maigidana na tsaye yana ta maimaita alhamdu lillahi.

Likitan ya dakatar da murnar tamu kaɗan. Ya ce wannan aikin maganin kashe zafi ne, awanni kaɗan zai sake ni. Amfaninsa shi ne ya tabbatar mana cewa ta wannan hanya ciwon ke bi. Sitiroyid ɗin kuwa sai ya ɗauki kwanaki, wani lokaci har mako biyu, kafin ya kama aiki.

Da ma ya faɗa, amma faɗa daban, ji a jiki daban. Da dare ciwon ya dawo, washegari ya fi na da, ga tsamin wurin allura. Fuskata ta riƙa ɗaukar zafi, barci ya ƙaurace min dare biyu. A rana ta uku na ce wa maigidana an yi aikin banza. Ya ɗauko takardar da aka ba mu, wadda ake rubuta ƙarfin ciwo daga 0 zuwa 10 kowace rana, ya ce, "Mako biyu aka ce. Ki rubuta na yau kawai." Na rubuta 8. A rana ta biyar na rubuta 6. A ta tara na rubuta 3, kuma a ranar na buɗe keken da ƙura ta rufe, na zuba masa mai, na ɗinka wa 'yata riga tun daga yanka har kalmasa. Al'adata ta rikice a wannan watan, an ce min sitiroyid kan yi haka, ta kuma daidaita a na gaba.

Wata 4 na yi cikin sauƙi, sannan ciwon ya fara leƙowa. Aka yi min ta biyu. Yau wata 11 ke nan da ita, ban koma ba. Likitan ya gaya min ba a yawaita sitiroyid barkatai, idan ciwon ya ci gaba da dawowa akwai hanyar da ake dasa wata allura ta musamman a kashe kaifin jijiyar da zafin lantarki, sauƙinta kan fi daɗewa. Tiyatar cire ƙashin ita ce ta ƙarshe, ba a gaggawar zuwa gare ta, domin ciwon yankan yana kusa da dubura, yana saurin kamuwa da ƙwayar cuta.

A ganina allurar ba ita kaɗai ta yi aikin ba. Ta ɗauke min zafin ne har na iya yin motsa jikin da a da ba na iya jurewa, na daina zaman karkace, ƙuguna da gwiwata suka huta. Har yanzu matashina yana kan kujerar keke, wani kuma yana cikin jakata idan zan yi doguwar tafiya. Duk rabin awa ina tashi in taka. Idan na yi ganganci na daɗe a kan benci, wurin yakan tuna min da kansa. Kuma ba zan ce wa kowa allurar nan tabbas ce ba. A layin asibiti na haɗu da wata baiwar Allah da aka yi wa sau biyu ba ta ji bambancin komai ba, ana shirin tura ta wurin likitan tiyata. A tsaye muka yi hirar, ni da ita. Har yau tana cikin addu'ata.

Abin da ke min ciwo idan na tuna shi ne shekara biyun nan. Yarona ya yi rarrafe, ya yi tafiya, ban taɓa zama na ɗora shi a cinya na daɗe ba. Cikina ya lalace da ƙwayoyi, sana'ata ta durƙushe, duk a kan tazarar tafin hannu biyu da na kasa gangarawa da yatsana.

Makon jiya wata yarinya ta kawo min ɗinki, goye da jariri ɗan wata uku ko huɗu. Na ba ta kujera, ta ce a'a, sauri take. Na ce awon zai ɗan ɗauki lokaci, sai ta ɗosana a gefe guda, ƙafa ɗaya a miƙe. Da na ce ta tashi in auna tsawonta, ta dafa bango, ta cije leɓe, ta ɗago a hankali. Na ajiye tef ɗin awo, na je na tura ƙofa. Na ce, "Ƙanwata, me ke damun ki?" Ta ce, "Baya ne, Anti, tun da na haihu." Na ce, "Nuna min da yatsa."

Ta sunkuyar da kai ta daɗe. Sannan ta juya, ta kai hannu can ƙasa.